Ranar da Na Zama Dokta a Gidanmu

Ko an manta da komai, ni dai ba zan taɓa mantawa da ƙullutun kumatun Jummai ba.

Ni ɗan acaɓa ne. Aji uku na sakandare na ajiye biro (zaman benci ba nawa ba ne), amma kullum ina ɗaukar ɗaliban likitanci a Samaru, suna hira a bayana ina kwasa. Da haka na yanke wa kaina cewa rabin likita ne ni.

Jummai 'yar yayata Rifkatu ce, shekararta shida. Wani abu ya fito mata a kumatu, mai tauri kamar tsakuwa, ba ciwo, in ka taɓa yana ɗan motsi a ƙarƙashin fata. Mama ta ce a kira wanzami ya tsaga. Na ce kada wanda ya taɓa yarinyar nan. Na latsa, na duba waya, na ɗaure fuska irin ta manya, na ce, "Yaya, ki yi haƙuri. Ciwon daji ne."

Jama'a, sai kuka. Kafin yamma labari ya kai cocinmu a Sabon Gari. Matan zumunta suka cika tsakar gida da addu'a, Yaya ta daina cin abinci, ni kuwa ina tsakiya ina bayani (har da zane a ƙasa, wallahi).

Da muka je babban asibiti, ni na shige gaba. Likitar, wata dattijuwa, tana tare da ɗalibanta. Ta taɓa, ta sa aka yi hoto, sannan ta ce wa Yaya ƙari ne irin wanda kan fito daga tushen gashi, ba kasafai ake ganinsa ba, kuma ba ya yaɗuwa. Za a cire da ɗan ƙaramin aiki, a kai gwaji don a tabbatar.

Yaya ta ce, "Likita, ba daji ba ne?"

"Wa ya ce miki daji ne?"

Yaya ta nuno ni. "Ƙanena. Yana tare da likitoci kullum."

Likitar ta juyo. "Malam, a wane sashe kake?"

Ina neman abin faɗa, sai wani ɗalibi ya leƙo, wanda nake kaiwa Bomo kullum. "A'a! Mai mashin! Yau ba ka fito ba? Na jira ka a bakin get."

Nan take dariya ta ɓarke a ɗakin. Yaya ba ta yi dariya ba. Kallo ɗaya ta yi min, na gwammace mari.

Ba a gama da ni ba. Bayan aiki aka nuna mana abin a 'yar kwalba, fari kamar alli. Na matso in yi sharhi, sai na farka a ƙasa ana min fifita. Jummai, da bandeji a kumatu, tana cewa, "Kawu, kada ka ji tsoro, ba zafi."

Gwaji ya fito lafiya lau. Yanzu ɗan tabo ne kawai ya rage mata. Matan zumunta kuwa har yau in na wuce sai, "Dokta, ina kwana? Zo ka duba min gwiwa!"

Ina nan kan bakana cewa ni na hana wanzami. Amma yanzu in aka nuna min ƙurji, abu ɗaya nake cewa: "Hau, in kai ka asibiti."