Yoyon Falon Baba A-Rubuto

Ba kowace unguwa Allah ke bai wa mutum irin Oga Darakta Sylvanus Didam ba. Barnawa ta yi sa'a, Layin Mangwaro kuma ya fi kowa, don a nan gidansa yake, mai jan get da sunansa a jikin farantin tagulla. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin gwamnati a wata ma'aikata mai kula da gine-gine. Gaskiya ne bai taɓa riƙe guduma ba, a ofishin fayil ya yi rayuwarsa. Amma duk ginin da ya tsage sai takardarsa ta bi ta teburinsa, kuma a ganinsa wannan ya fi digirin injiniya. Daraktan ma ba ƙarya ba ne, ya riƙe kujerar har mako uku lokacin da mai ita ya tafi aikin Hajji. Matan layi, da yake ba su san darajar manya ba, Baba A-Rubuto suke ce masa, don kowace magana ka kawo masa sai ya ce ka sa ta a takarda.

Baiwarsa a ido take. Wasu in sun shiga gidan mutum fuskarsa suke kallo, shi kuwa Oga Darakta silin yake fara gaisarwa. Yakan tsaya a tsakiyar falo, hannu ɗaya a baya, ɗayan riƙe da sandarsa mai kan azurfa, ya ɗaga kai ya girgiza shi a hankali, sai mai gida ya ji gabansa ya faɗi.

"Rufi ba ya cin amana, Malam Nuhu," haka ya taɓa gaya wa maƙwabcinsa mai shagon taya. "Sai ya ba da notis tukuna. Ka ga tabo mai launin shayi a silin, notis na farko ke nan. Fenti ya kumbura a saman bango, notis na biyu. Ka shiga ɗaki ka ji wari irin na rigar da ba ta bushe ba, wannan kuma gargaɗin ƙarshe ne. Wanda ya jira ɗigo ya sauka a tsakar kansa bai cancanci riƙe gida ba."

Abin haushin, duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Hajiya Hauwa, tsohuwar nas da ke ƙarshen layi, shaida ce. Ranar sunan jikanta, falo cike da baƙi, ya nuna wani ɗan tabo a kusurwa da sandarsa ya yi lacca ta minti ashirin a kan sakaci. Hajiya ta haɗiye, ta ƙara masa nama. Washegari ta kira Joseph kafinta ya toshe ramin, amma ba ta manta ba.

Ana gab da damina Oga Darakta ya sa aka kafa masa sola guda shida. Masu kafawa suka ce rufin baya ya fi samun rana, kuma kwanon gaba ya tsufa, ba zai ɗauki sababbin ƙusoshi ba. Ya ce rana ma ta san adireshinsa. Ina amfanin sola in mai keke ya wuce bai waiwaya ba? Aka kafa su a gaba, daidai saman falo, suna ta sheƙi.

Bayan ruwa na uku a watan Mayu, matarsa Damaris, wadda ta yi shekara talatin tana sauraron laccar rufi kyauta, ta ɗaga kai tana sharar yanar gizo. Ga tabo nan kamar faɗin murfin kofi, launin shayi sak.

"Baban Becky, ga notis na farko fa."

Bai ko sauke jarida ba. "Madam, gidan nan yana da tsari. A rubuto."

Ta yago takarda daga tsohon littafin 'yarsu Becky ta rubuta. Ya buɗe sabon fayil, ya sa masa suna Zargin Yoyo a Falo, ya ɗauko jan biro ya rubuta a ƙasa: "An gani. Inuwar fanka ce. A ajiye."

A watan Yuni inuwar fanka ta kai faɗin tire, fentin saman bango ya kumbura yana ɓarewa. Damaris ta sake rubutowa. Jan biro ya ce laifin mai fenti ne, a kafa kwamiti. Aka kafa, shi ne ciyaman, ita ce sakatariya, sai dai kwamitin bai samu zama ba saboda ayyuka sun yi wa ciyaman yawa. A watan Yuli wari ya cika falo. Ya rubuta cewa daddawar kicin ce. Wannan kam ta yi wa Damaris ciwo, don mace ce mai tsabta, kuma a gidan nan ta tsufa, kowane lungu da hannunta ta gyara shi. Ranar ko abinci ba ta iya ci ba.

Kada a zalunci bawan Allah, ba wai bai gani ba ne. Idon da ke hango tabo a gidan mutane daga bakin ƙofa ba zai makance a gidansa ba. Matsalar ita ce zaɓe. A ƙarshen Agusta ƙungiyar masu gidaje ta Layin Mangwaro za ta zaɓi sabon ciyaman, kuma tun ranar da ya yi ritaya babu abin da ransa ke so kamar kujerar nan. Mutum ne da ya saba a miƙe in ya shigo, yanzu kuwa sai kare ne kawai ke miƙe masa. Abokiyar takararsa kuma ba kowa ba ce, Hajiya Hauwa ce. To a ga kafinta a saman rufin wa? Rufin gaba, inda kowa ke kallon sola?

Sai basira ta zo masa, irin wadda ya koya a ofis duk lokacin da aka ce manyan baƙi na tafe. Ya aika aka kira Joseph, aka shigo da shi ta ƙofar baya, ya ce a yi wa falo sabon silin na roba, irin farin nan mai sheƙi, a ƙarƙashin tsohon.

Joseph ya leƙa sama ya sosa ƙeya. "Oga, ƙusoshin sola ne suka huda kwano. Bari in hau, aikin awa ɗaya ne. Roba ba ta shan ruwa fa, tara shi take yi."

"Kai da ni wa ya yi shekara talatin da biyar a harkar gini? Bayan zaɓe ka hau."

Aka yi silin, ya yi kyau, har mutum na ganin fuskarsa a ciki. Tabo ya ɓace. Oga Darakta ya rubuta a fayil cewa an shawo kan lamarin.

Agusta ta zo da ruwanta na kwana da kwanaki. Damaris ta lura tsakiyar silin ta fara saukowa kaɗan-kaɗan. Ta rubuta takarda ta huɗu, layi ɗaya tak: "Silin ya yi ciki." Jan biro ya amsa: "Salon zamani ne. Ba gaggawa." Daga nan ba ta ƙara rubutu ba. Ta ja keken ɗinkinta zuwa uwar ɗaki, ta kwashe hoton aurensu da Littafi Mai Tsarki da labulen da ta fi so. Takardun yabonsa da ke jere a bango kuwa ta bar su, don ba a ba ta izinin taɓa su a rubuce ba.

Ranar Asabar ɗin zaɓe, shi da kansa ya nemi a yi taron a falonsa, don jama'a su ga yadda ake riƙe gida. Da la'asar falo ya cika, ga lemo ga cincin. Hajiya Hauwa ta yi magana ta minti biyu a kan kwata da shara, ta zauna. Oga Darakta ya miƙe cikin kwat ɗinsa ta ranar ritaya, ya yi gyaran murya, ya tsaya a tsakiyar falo.

"Jama'a, shugabanci ba komai ba ne illa ganin alama tun da wuri. Akwai waɗanda sai baƙo ya nuna masu yoyon gidansu ranar suna. Ban kama suna ba. Ni kuwa ku ɗaga kai ku gani."

Aka ɗaga kai. Malam Nuhu ya ja kujerarsa baya a hankali.

"Yau zan ba ku gwajin da ban taɓa koya wa kowa ba. Sanda kawai. Silin mai lafiya in ka ƙwanƙwasa shi, amsa maka yake yi tas."

"Baban Becky..." in ji Damaris daga ƙofar kicin.

"Madam, ba kya cikin ajanda."

Ya ɗaga sanda ya taɓa. Silin bai ce tas ba, lotsawa ya yi luɓus. Wani mai ƙaramar zuciya da ya tsaya nan, amma Oga Darakta ba ya barin aiki a rabi. Ya gyara tsayuwa ya ƙara ƙarfi.

Mahaɗar robar ta buɗe. Ruwan wata guda ya sauko gaba ɗaya, baƙi ƙirin, da ruɓaɓɓen tsohon silin, da kashin ɓera, da wani mataccen ƙadangare da ya zaɓi kafaɗar kwat ya kwanta. Jama'a suka watse da salati da kiran Yesu. Shi kaɗai ya rage a tsakiya, sanda a sama, ya jiƙe sharkaf, takardun yabo na tsiyaya a bayansa.

Hajiya Hauwa ta kakkaɓe mayafinta ta ce, cikin ladabi, falonta a bushe yake in ana so a ƙarasa taron a can. Aka bi ta ɗaya bayan ɗaya, kuma aka ce ko ɗaga hannu ba a tsaya yi ba aka ba ta kujerar. Malam Nuhu ne na ƙarshen fita. Ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwayo.

"Oga Darakta, don in ƙaru, wannan notis na nawa ke nan?"

Falo ya rage daga Oga Darakta sai ɗigo. A waje hadari ya sake haɗowa ta gabas, iska ta fara kaɗa mangwaro. Oga Darakta ya kalli ramin da ke kansa, ya kalli talabijin, ya kalli kujerun da bai daɗe da sake wa yadi ba, sannan ya juya wajen matarsa.

"Damaris, don Allah kira Joseph. Maza ya zo ya hau, yanzu-yanzu, ruwa zai sauko."

Ta shiga uwar ɗaki. Da ta fito, ba waya ce a hannunta ba. Ta tsallake kududdufin, ta ɗora masa fayil a jiƙaƙƙen hannunsa, ta aza jan biro a kai.

"Baban Becky, gidan nan yana da tsari. A rubuto."