Yadda Za Ka Horar da Tarin Fukarka Har Ya Fi Ƙarfin Magani

Tarin fukan da magani ke kashewa cikin wata shida ciwon kowa da kowa ne, kai kuwa ka wuce nan. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin tarin da zai sa likita ya cire tabarau ya sake dubanka. Ban taɓa ganin wanda ya bi su ya rasa ba.

1. Sallami kanka
Wata biyu da fara magani zazzaɓi zai tafi, wandonka ya daina zamewa. Shi ke nan, ka warke. Nas ɗin da ke cewa saura wata huɗu, ita ke cikin jikinka?

2. Koyi ajiya a ƙarƙashin harshe
Za ta nace sai ka haɗiye a gabanta. Kurɓi ruwa, ka motsa maƙogwaro, ka ce, "Allah ya saka da alheri, Sista." Tukunyar furen da ke bakin ƙofa na jiranka. Ka riƙa haɗiye ɗaya jifa-jifa, domin ƙwayar cuta ɗaliba ce, da kaɗan-kaɗan take haddace magani.

3. Ari kaki
Ranar gwaji, miƙa wa ƙaninka robar gwajin kakin ya tofa a madadinka. In ya ce, "Yaya, anya wannan ba ha'inci ba ne?" ka ce, "Tofa kawai, yaushe ka zama likita?" Sakamako zai fito fes.

4. Rufe taga
Kada maƙwabta su ji tarinka, mutuncinka ya fi iska tsada. Ɗakin ya ishe ku, kai da matarka da autarku 'yar shekara huɗu, wadda ba ta cin abinci sai a kan cinyarka.

5. Karɓi sakamako
Ranar da aka gwada Auta, likita zai ce, "Maganin farko ba zai yi mata ba, cutar ta riga ta san shi. Wa ya fara magani ya bari a gidanku?" Matarka ba za ta tona ka ba. Dubanka kawai za ta yi.

Sanarwa: marubucin nan ba ruwansa da abin da ya biyo baya. Watannin da Auta za ta yi tana shan ƙwayoyi cike da tafin hannunta tana amai, ku kuka sani. Ita dai duka take haɗiyewa, domin Babanta ya ce mata mai son warkewa ba ya wasa da magani.