Farfesa a Kan Katako

"Ni allo ya yi mini kaɗan. Ilimina sai an gani da ido."

Haka malamin kimiyyar makarantarmu yake cika baki, mutumin da ya raɗa wa kansa suna Farfesa. Kujerar shugaban sashe yake hari, kuma wata sufeto ce za ta kalli darasinsa ta yanke hukunci.

Darasin kuwa, ɗan'uwa, mai daɗi ne. A cikin ƙwayoyin jikinmu akwai wasu mitsi-mitsin injuna, 'yan dako masu ƙafa biyu, suna bin siririn zare da kaya a ka. Ƙafa ta manne, injin ya sha mai, ta saki, ta taka gaba. Irinsu na cikin tsoka, in mai ya ƙare sai su ƙame. Shi ya sa gawa take sandarewa.

Gogan naka ya ce shi ne injin. Ya gitta katako tsakanin tebura biyu, ya cika aljihu da alawa a matsayin mai, ya lafta wa tafin takalminsa gam ɗin kafinta, ya ɗora bokitin ruwa a ka.

Shugabar makaranta ta ce, "Malam, gam ɗin nan bai yi yawa ba?"

"Hajiya, kimiyya ce. Ki dai zauna."

Ya jefa alawa a baki, ya taka. Ya ƙara, ya taka. Yara suka tafa. Tafin nan ne ya kashe shi, don a tsakiyar katako ya tsaya yana lissafa wa sufeto makarantun da ya yi. Shi yana zuba surutu, gam yana bushewa.

"To, Malam, ci gaba," in ji sufeto.

Ya sha alawa, ƙafa ta ƙi. Ya watsa sauran duka a baki, kumatu kamar na biri, ƙafa ko gezau.

"Malam, a ƙaro mai?" in ji 'yan aji.

Ya sunkuya zai kwance igiyar takalmi, ya manta da kayan da ke kansa. Ruwa ya sauko har cikin wando. Ya miƙe ƙiƙam, yana ɗiga.

Sufeto ta juya. "Yara, injin da mai ya ƙare masa ya ƙame, a jikin wa ake samunsa?"

"Gawa!"

"Madalla, darasi ya shiga. A kira kafinta." Ta ɗauki jakarta, ta dube shi sama da ƙasa. "Kujera kuwa, Malam, sai mu ba wanda zai iya zama."