Farantin da Ba Shi da Baya

Dela ta Roni ba ta taɓa ce wa mai neman abu "babu" ba. Sai dai ta nuna kantar ɗakinta, ta ce, "Duba da kanki." A gaba gishiri ne da kanwa da gwangwanayen da suka ga jiya. Abin da ke can baya kuwa, maƙwabta ba sa gani. Bana kwalbar man shanu ce, wanda take tarawa kaɗan-kaɗan daga 'yan uwanta na rugar Gwiwa, don jegon Zaituna, matar jikanta Musaddiƙ, wadda ke gab da haihuwa.

Ran Asabar da hantsi Musaddiƙ ya iso daga Kazaure da kwali a bayan babur.

"...Lafiya lau, maigida," in ji Dela. "Yau aka tuna da tsohuwar mata? Wannan kwalin cefanen shekara bakwai ne?"

"Wayewa na kawo miki, amarya. Faranti mai juyawa, har guda uku. A jera kaya a kai, a taɓa da yatsa, na baya ya dawo gaba."

"Na bayan shi ya ce maka yana son gaba?"

"Duk gidajen manya yanzu da shi ake ado."

"Manyan da ke da maigadi a ƙofa? Ni maigadina zurfin kanta."

"Ƙauyanci dai! Ɗakin nan naki ko akuya aka ajiye a ciki sai an yi cigiya."

"Ai kai ma nan uwarka ta ajiye ka kana rarrafe. Har yau ban ji wanda ya yi cigiyarka ba."

Bai saurare ta ba. Ya sauke kayan kantar ƙasa, ya ɗora faranti ɗaya, ya jera kwalabe, ya juya. Man shanu ya zo gaba yana ƙyalli.

"Iye! Tsohuwa, ashe da dukiya kike kwana, mijinki na cin tuwo gaya?"

"Sauke idonka, mijin hotiho. Wannan na wadda ta fi ka amfani ne, mai ɗauke maka da kaya wata tara."

Musaddiƙ ya ce, "To ai sai ki adana shi inda ake gani."

"Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, yaro."

"Zamanin ɓoye-ɓoye ya wuce. Mu a ofishin hukumar ruwa komai a buɗe muke yi."

"Na ji labari. Shi ya sa rijiyar unguwarmu take buɗe shekara uku, ba murfi."

Ana haka sai sallama. Saude ce maƙwabciya, mace mai fara'a, wadda ba ta shiga gida hannu rabbana sai da ƙoƙo. Abin da idonta ya gani kuwa, kunya ba ta barin a hana ta. Musaddiƙ ya yi wuf ya juya farantin, gishiri ya dawo gaba.

"Inna Dela, ko da ɗan abin gyara miya?"

"Duba da kanki."

"Lah! Irin mai juyawar nan ne na cikin waya? Bari in taɓa."

Kafin yatsanta ya kai, Musaddiƙ ya danne farantin da gwiwar hannu.

"Ai... ya lalace, Baba Saude. Ba ya juyawa."

"Sabo fil?"

"Kayan yanzu ke nan."

Saude ta jajanta masa, ta ɗebi kanwa, ta tafi. Dela ta bi shi da kallo har ya ɗage hannun.

"Shekarata tamanin da kantar nan, ba ta taɓa sa ni ƙarya ba. Farantinka ko azahar bai kai ba."

"Tsohuwa, rufa mini asiri."

"Da me? Ka ce zamanin rufi ya wuce."

Ya fashe da dariya, ya zaro goro biyu daga aljihu ya ajiye mata a tafin hannu. "Na sallama. Kin ci gari."

"Garin da ma nawa ne. Kwashe mini kayan nan da ka zubar."

Ya durƙusa ke nan wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, ya ce, "Yanzu? An tafi da Zaituna asibitin?" Ya fita da takalmi ɗaya a hannu.

Gwangwanaye suna nan a ƙasa yadda ya bar su, faranti biyu ko ledarsu ba a cire ba. Dela ta tsallake su a hankali, ta ɗauko kwalbar, ta shiga neman mayafinta.