Takardar da Na Liƙa wa Babur Ɗin Baba

Malamarmu ta ce kalmar Turanci ba ta zama a ka sai ana ganinta kullum. Sai na bi gidanmu na Badariya ina liƙa wa komai takarda mai kalmar Turanci, har randa. Ranar da muka koyi "useless", wato marar amfani, na manna ta a gindin sirdin babur ɗin Baba, ina jin kaina farfesa.

Washegari mai sayen babur ɗin ya zo daga Argungu. Ya duƙa, ya karanta.

"Ɗiyata ta rubuta," in ji Baba yana murmushi. "Yabo ne ko?"

"Alhaji, ta fi ka gaskiya."

Babur yana nan. Yanzu ko kaza za a sayar, sai Baba ya ce, "A fara ɓoye Farfesa."