Ni da Batirin Mota a Dutsen Gwoza

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara hawan dutse ba. Na ce na fara, amma gaskiya daga ita ban ƙara ba. Ku yi mini uzuri tun yanzu, ni haifaffen Bulabulin ne a Maiduguri, garin da Allah ya shimfiɗa kamar tabarma. Kafin ranar nan, abu mafi tsawo da na taɓa hawa shi ne tsanin tankin ruwan gidanmu, shi ma sai da aka riƙe mini ƙasansa.

A lokacin ina gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago a Mafoni. A nan na san Ba Kyari, wani dattijo tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda ya cusa mini son rediyon nan ta magana da na nesa, wadda mutanen unguwa ke kira oba-oba. Ba irin ta 'yan sanda ba ce. Ta masu sha'awa ce kawai: ka yi jarrabawa, ka karɓi lasisi da lambarka, ka ɗaura waya a kan bishiya, ka yi ta kiran duniya har wani ya amsa. Shi ya koya mini komai a gidansa na unguwar Dala, yana yi yana ranƙwashina. 'Yan majalisar ƙofar gidansa kuwa sun daɗe suna tsokanarsa cewa da aljanu yake hira, domin duk sanda suka leƙa ɗakin ba abin da suke ji sai shuuu.

Ana nan sai 'yan uwanmu masu wannan sha'awa suka aro wani tsarin lambar yabo da ake yi a ƙasashen waje. Mutum ya ɗauki rediyonsa da batir, ya hau dutse da ƙafarsa har ƙololuwa, ya kafa eriya, ya yi magana da mutum huɗu, sai ya samu maki. Wanda ya amsa masa daga gida shi ma yana da nasa makin. In maki ya taru a ba ka satifiket ka rataya a bango. Sharaɗin guda ne mai ƙarfi, sai daga can saman. Rabin dutse ba ya cikin lissafi.

Mutanen Jos suka yi ta hawa suna sauka kamar ba su da aikin yi, mu kuwa sai sauraro. Abin ya tsaya wa Ba Kyari a rai. Gwiwoyinsa sun riga sun gama aiki, ko tashi daga tabarma sai da salati.

"Tadanyi," ya ce mini wata rana (haka yake kirana, wato ɗana da Barbarci), "kafin na mutu ina so na amsa kira daga dutsen ƙasarmu ta Borno. Sau ɗaya ma ya isa."

Ni da bakina ba ya ajiye magana, na buga ƙirji na ce, "Ba Kyari, dutse ɗin me? Ranar Asabar ka kunna rediyo da hantsi, za ka ji ni daga saman Gwoza."

Allah sarki zamani. Shekarun nan ne da mutum zai kama hanyar Bama bayan sallar asuba bai tambayi kowa lafiyar hanya ba. Mu tsaya mu sha shayi da burodi, direba na rigima da mai shayi a kan madara, gonaki kore shar hagu da dama. Har yau in na tuna hanyar nan sai na ji ƙirjina ya yi nauyi, don na yi kewarta ƙwarai.

Bari na gaya muku shigar da na yi. Kaftanin shadda mai sitaci, hula zanna, da takalmi sau-ciki wanda ya sha mai (ai ranar tarihi ce, wa ya sani ko za a ɗauki hoto). A hannu ga akwatin rediyo, ga sandar gora, ga nadin waya, ga fulas ɗin shayi. A kafaɗa kuma batirin mota sukutum cikin buhu, domin a tunanina ƙaramin batir raini ne ga babban aiki. Wani mai shago a gindin dutsen ya dube ni sama da ƙasa ya ce ko a haɗa ni da wanda ya san hanya. Na ce masa hanyar sama ai ba ta ɓata, sama ce kawai.

Na kama hawa, kaina a sunkuye saboda nauyi. Tun ina ƙirga numfashi har na koma istigfari. Shaddar ta jiƙe ta manne mini, takalmin yana zamewa, batirin yana dukan bayana kamar na ci masa laifi. Can da na ji raina ya kusa fita, sai ga ni a kan wani falalen dutse mai faɗi. Na ɗaga kai na ga duniya a ƙarƙashina: motoci kamar ƙwari, rufin kwano na walƙiya, hanya ta miƙe har inda ido ya gaza. Ban taɓa ganin saman bishiya daga sama ba sai ranar. A bayana akwai wani ƙaton dutse a tsaye da ya tare gani, na ce wannan ai hular dutsen ce, ba mai hawanta sai ƙadangare. Na iso ke nan.

Na kafa gora, na ja waya, na haɗa batir. Hannuwana sun gaji, ga shi ina son shan shayi, sai na murɗa maɓallin da ke sa rediyo ta buɗe da kanta da zarar ta ji murya, ba sai na danna komai ba. Na jingina makirufo a kan akwati, na gyara hula, na faɗi lambata.

Nan take muryar Ba Kyari ta fito tas, da gaisuwar Barbarci. "Wushe, wushe! Ina jin ka kamar kana kusa da ni!" A bayansa ina jin hayaniya. Ashe ya sa an fito da rediyo da lasifika gindin bishiyar dogon yaro, ya tara 'yan majalisa kaf, yau su ji aljanin da kunnensu. Wani mutumin Jos ma ya shigo layin yana jiran a gama ya karɓi nasa makin.

To ni da na samu masu sauraro, sai Allah ya kyauta. Na ce ina magana daga ƙololuwar da ƙafar ɗan Maiduguri ba ta taɓa takawa ba. Na ce shaho ma a ƙasa da ni yake shawagi (ko tsuntsu ɗaya ban gani ba). Na ce, "Jama'ar Dala, a yanzu haka babu abin da ke samana sai sararin Allah." Na ji majalisa ta ɗauki kabbara, Ba Kyari na cewa, "Kun ji ko? Kun ji ko?"

Ina cikin kurɓar shayi sai na ji takun ƙafafu. Mata ne, ɗauke da ƙwarya da dammunan itace, suka ɓullo daga bayan hular dutsen nan, suna gangarowa. Daga sama. Wata dattijuwa a gabansu ta sauke kayanta dab da akwatina, ta dube ni da tausayi.

"Sannu da hutawa, ɗan birni. Yanzu za ka fara hawa?"

"Hawa ina, Mama? Ai na iso."

"Ka iso ina? Nan ai wurin da muke sauke kaya mu gyara gammo ne. Dutse yana can."

Ta nuna da haɓa. Na taka na leƙa bayan hular. Jama'a, dutse na gani, dutse na gaske, ya tafi sama har sai da hulata ta faɗi. Ga gonaki hawa-hawa, ga awaki, ga hayaƙin girki can ƙoli. Abin da na hau ko dokin ƙofarsa bai kai ba.

Na dawo na ga 'yar jar fitilar rediyon na ƙiftawa. Sai a lokacin na tuna maɓallin da na murɗa. Duk abin da dattijuwar ta faɗa, har da maganar gammo, ya tafi Maiduguri, ya tafi Jos, ya tafi duk inda iska ta kai shi. Da na yi shiru layin ya buɗe, abin da ya fara shigowa dariyar mutumin Jos ce, har da tari. Bayanta ta majalisa. Na ji wani na cewa, "Ba Kyari, aljanin naka ashe a zaure yake!" Na so falalen nan ya tsage na shige. Kunyar kaina ba ta dame ni kamar ta tsohon ba, wanda ya tara mutane don su ga ba wasa yake ba.

Da dariyar ta lafa, Ba Kyari ya yi magana a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi.

"Tadanyi, kashe rediyo, kar ka cinye batir. Ina nan zaune."

Na cire takalmi na cusa a buhu, na naɗe kaftani a ƙugu, na bi hanyar da matan suka sauko. Sau nawa na ce na iso, sai wani tudun ya leƙo ta bayan wani. Yanzu kam ba na yarda da idona, duk wanda na gamu da shi sai na tambaya. Na yi azahar a hanya. Sai wajen la'asar na fito inda iska ke kaɗawa ta kowane gefe, ƙafafuna duk sun fashe, shaddar ta koma tsumma.

Na kafa eriya na yi kira, wannan karon da yatsana a kan madanni. Mutumin Jos ya tafi. Babu kowa a layin, na yi ta kira ana ba ni shuuu. Har na fara fid da rai sai ga muryar Ba Kyari, ba hayaniya a bayanta, domin majalisa ta watse tun azahar, shi kaɗai ya rage a gindin bishiya.

"Kafin ka ce komai," in ji shi, "juya ka duba bayanka."

Na juya. "Ba komai, Ba Kyari."

"Babu mai gammo?"

"Babu."

Sannan ya faɗi lambarsa cikakkiya, a tsanake, yadda ƙa'ida ta ce. Ya ce, "Na amsa. Alhamdulillahi. Sauko a hankali."

Mutum ɗaya na samu maimakon huɗu, saboda haka ni ko maki ban tsira da shi ba. Shi kuwa nasa ya tabbata. 'Yan majalisa suka raɗa mini Mai Gammo, sunan ya bi ni har gidan surukaina. Ba Kyari ya rasu bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙansa, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa ban taɓa jin ya ba da labarin rabin farko ba. Kullum daga la'asar yake farawa.

Ni kuwa darasin da na samu bai fi ƙarfin kowa ba. In ka ga ka kai wani matsayi, kafin ka tara jama'a ka yi shela, tambayi masu saukowa. In kuma ba za ka iya tambaya ba, to don Allah ka kashe makirufo.