Ni da "No, Thanks" a Gonar Alhaji Ilu

Ko tsufa zai kwashe rabin abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta kakar bara waccan ba, ranar da darasin da na koyar da bakina ya hana ni cin abinci.

Ni malamin firamare ne a Malumfashi. Sau biyu a mako kuma, bayan la'asar, ina koya wa manya Turanci: manoma da 'yan kasuwar hatsi waɗanda suka gaji da neman tafinta duk lokacin da masu sayen masara daga kudu suka sauka a kasuwar Funtuwa. (Ina son aikin nan, ba don komai ba sai don yadda dattawa masu furfura ke miƙewa in na shigo aji. A gida ko kyanwa ba ta miƙe mini.)

Ɗalibina mafi ƙwazo shi ne Alhaji Ilu, babban manomi daga Gozaki, ya haura shekara sittin. Yana da wani ɗan littafi a aljihun rigarsa, kuma duk abin da ya fito daga bakina sai ya shiga littafin nan. Ko tari na yi sai na ga ya gyara riƙon biro.

Wata rana darasinmu a kan kalmar "thanks" ne. Na yi musu bayani dalla-dalla: in an ba ka abu ka karɓa, ka ce "thanks". In mai saye ya yaba kyan hatsinka, "thanks". In kuwa an miƙo maka abin da ba ka so, sai ka ce "no, thanks". Da a nan na tsaya da na zauna lafiya. Amma daɗin baki ya kwashe ni, na ɗora da wa'azi.

"Su Turawa ba sa kara," in ji ni, ina buga allo da alli. "In mutum ya ce maka 'no, thanks', magana ta ƙare. Sau ɗaya ne. Ba irin namu ba, da za a yi ta 'haba ka ci mana', 'don Allah ko loma ɗaya'. Matsa wa mutum rashin wayewa ne!"

(Ni da ko Bature ɗaya ban taɓa cin abinci da shi ba. Iyakar tafiyata Kaduna ce.)

Na ga Alhaji Ilu ya rubuta, har ya ja layi biyu a ƙasa.

Bayan mako uku ya gayyaci ajin gaba ɗaya gonarsa, ranar casar masara. Ya ja ni gefe ya ce zai tara mai unguwa da dattawan garinsu su gan ni da idonsu, in sun gamsu da ni a buɗe mini aji a Gozaki. Ran nan har gida na je ina murmushi. Safiyar Asabar matata ta dama koko, na ce ta sha abinta, ni yau cikina na walima ne. Na saka farar shaddata, na karya hula, na hau babur ko ruwa ban kurɓa ba.

Muka wuni ana zagaya gona da ni, injin casa na ta rugugi, ana nuna mini buhuna. Sai bayan azahar aka shimfiɗa tabarmi a gindin wata ɗorawa. Ga mai unguwa, ga dattawa, ga ɗalibaina, ga kuma Madam Bose, wata Bayarabiya haifaffiyar Funtuwa da ke sayen waken soya a wurin Alhaji, wadda Hausarta ta fi tawa gishiri. Aka fara sauke kwanuka. Alhaji da kansa ya ajiye wani babban kwanon samira a gabana ya buɗe: tuwon masara sabon niƙa, miyar kuɓewa ɗanya, man shanu na yawo a kai, ga zabuwa guda ta yi ɗaiɗai a gefe. Yawuna ya tsinke.

"Malam, bismilla."

To, kowa ya san yadda ake yi. Babban baƙo ba ya faɗa wa kwano daga tayin farko. Sai ka ce alhamdu lillahi ka ƙoshi, a sake tayi ka ɗan noƙe, a na uku ka ce to, don kada a ce ka ƙi, sannan ka nannaɗe hannun riga. Karar nan na yi niyyar yi. Sai dai ganin dattawa sun zuba mini ido, shaiɗan ya raɗa mini in yi ta da Turanci, su san malami aka kawo musu. Na dafa ƙirji, na ɗan karkata kai.

"No, thanks."

Mai unguwa ya ce, "Haba Malam, ai ka taɓa ko..."

Alhaji Ilu ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, dakata! Kada wanda ya matsa mashi." Ya zaro littafin nan, ya lashi yatsa, ya buɗe shafi, ya karanta wa jama'a da ƙarfi: "Sau ɗaya ne. Matsa wa mutum rashin wayewa ne." Ya dube ni yana jiran yabo. "Ko ba haka ba, Malam?"

Me zan ce? Na ce haka ne. Ina ji ina gani ya rufe kwanon, aka ɗauke shi.

Jama'a, na ga tashin hankali. Mutum ashirin suna cin tuwo, ni ina zaune a tsakiya kamar mai gadin tabarma. Ina jin ƙarar ƙashin zabi a bakin mai unguwa, cikina kuwa na ta kiran ciroma, har sai na riƙa yin gyaran murya don in rufe kukansa. Da aka zo da fura na buɗe baki zan ce a miƙo, Alhaji ya ce a tsallake Malam, ai ya riga ya yi magana. Dattawa sai jinjina kai suke, wai ilimi ya yi.

Da abin ya kai mini ko'ina, na ce zan kama ruwa. Na zagaya bayan tarin buhuna inda aka ajiye a-kori-kurar Alhaji. Me zan gani a bayan motar? Kwanon samirar nan, an ɗaure shi da ɗankwali. Na waiga dama, na waiga hagu. Na ce wa kaina cinya ɗaya kawai. Na tsuguna a jikin taya, da farar shaddata da hulata, na kwance ƙulli. Cinya ta zama biyu, tuwo ya biyo baya, ko hannu ban wanke ba.

Ashe a daidai lokacin Alhaji ya taso da jama'a kaf, za a ɗauki hoto a gaban buhuna. Ɗago kan da zan yi, sai ga mai unguwa, ga dattawa, ga ɗalibaina, sun yi cirko-cirko. Ni kuma ga fiffiken zabuwa a baki, kuɓewa ta ja zare daga haɓata har gaban riga. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Madam Bose ce ta fara magana. Ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Malam, ai naka ne kake sata. Alhaji cewa ya yi tunda ka ƙoshi a ɗaure a kai wa maiɗakinka."

Wurin ya ɓarke da dariya, mai unguwa har da riƙe ciki yana share hawaye da bakin rawani. Na ce shi ke nan, aji ya tafi, mutunci ya bi shi. Alhaji Ilu kaɗai bai yi dariya ba. Ya matso da littafinsa, da gaske yake tambaya:

"Malam, a gyara ne? Sau nawa za a rubuta?"

Na haɗiye abin da ke bakina da ƙyar, na ce, "Alhaji, in Bature ne sau ɗaya. In ɗan Malumfashi ne, ko da wane yare ya faɗa, a tambaye shi sau uku."

Ya rubuta, ya ja layi biyu.

Mai unguwa ya ce lallai a buɗe aji, don malamin da ke jin yunwa irin tamu zai iya da mu. Yau ajin Gozaki ya fi na Malumfashi cika, sai dai ba mai kirana da sunana, daga dattawa har matan gari Malam No Tankis suka sani. Matata kuwa kwano ta samu da ƙashi a ciki, kuma har yanzu in na yi mata gardama sai ta tambaye ni ina zabuwarta.

Tun daga ranar na ɗauki darasi: in zan yi kara, da Hausa nake yin abata, don ita ce ake sake yi wa mutum tayi.